Fansa: daga kasuwar bayi zuwa Littafi Mai Tsarki

Wata rana a aji, nan Yekuwa, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na ji Kiristoci suna kiran Annabi Isa Mai Fansa. Wa aka sace?" 'Yan ajin suka fashe da dariya, ni kuwa ban yi ba. Yaron bai san fansa ba sai a labaran rediyo, inda masu garkuwa da mutane a Katsina da Zamfara ke neman kuɗi. Tambayarsa ce ta sa na koma bin sawun kalmar, sai na tarar sawun ya biyo ta ƙasarmu ta Damagaram.

A zamanin kakanninmu fansa maganar bayi ce. Idan aka kama ɗa a yaƙi, danginsa kan tara dukiya su je su fanso shi. Bawa kuma kan yi yarjejeniya da ubangijinsa, yana sana'a yana biyan murgu, yana tara abin da zai fanshi kansa. Abu uku ne ke cikin kalmar: wanda ke ɗaure, farashi, da mai biya. A riƙe wannan, don a kansa duk maganar take.

Wajen 1840 aka haifi wani yaro mai suna Dorugu a Dambanas, a yankin Kance. Aka kama shi yana ƙarami, aka yi ta sayar da shi har ya kai Kukawa ta Barno. Can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai Dorugu ya bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zaga da shi har Tumbuktu, a 1855 kuma suka sauka Ingila. A nan ya zauna wurin wani ɗan mishan, James Schön, wanda ke fama da fassara Linjila zuwa Hausa. Schön ya sha Hausa daga bakin Dorugu, a 1857 aka buga Linjilar Matiyu. Nakan tsaya in yi tunani a nan: mutumin da aka riƙa tambaya yadda Bahaushe ke faɗin abubuwa, shi da kansa an taɓa yi masa farashi a kasuwa. Dorugu ya dawo Afirka, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya rasu a 1912.

To me Kiristoci ke nufi? A koyarwarsu, zunubi ya wuce laifin da mutum ya aikata yau ya bari gobe. Suna ganinsa kamar ƙangin da ya riƙe ɗan Adam tun daga saɓon Adamu, kuma ba mai iya tara murgun da zai fid da kansa, komai yawan aikin kirkinsa. Don haka, in ji su, Yesu Almasihu ya ba da ransa a kan gicciye a madadin mutane, wanda ya ba da gaskiya gare shi ya fita daga bautar. Kalmar Girkanci da Linjilar Markus ta yi amfani da ita, lutron, ita ce kuɗin da ake biya a saki bawa ko fursuna. Masu fassara ba su sha wahalar nema ba, Hausa tana da tata.

Su kansu malaman Kirista sun daɗe suna gardama kan wanda aka biya. Wasu na farko, irin su Origen na Iskandariya, sun ce Shaiɗan. Wajen 1098 Anselm na Canterbury ya ƙi wannan, ya ce Shaiɗan ba shi da haƙƙin komai, bashin na Allah ne.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan dogon aikin Likita Walter Miller na Zariya da abokansa. A lokacin 'yan mishan na SIM sun riga sun sauka Zinder tun 1924.

Musulmi kuwa ba su yarda da wannan koyarwa ba, kuma ba na ɓoye wa yara haka. A Musulunci ba a gadon zunubi, ba wanda ke ɗaukar nauyin wani, ba a gicciye Annabi Isa ba, kuma hanyar gafara ita ce tuba kai tsaye ga Allah. Bambancin babba ne, wanda ya ce duk ɗaya ne bai yi wa kowane ɓangare adalci ba.

Amma ban manta ranar 16 ga Janairun 2015 ba, da aka ƙona majami'u a Zinder. Ina shakka ko cikin matasan da suka ɗauki ashana akwai wanda zai iya faɗin abin da ake koyarwa a ɗakunan da suka ƙona. Shi ya sa washegari na rubuta kalmar a allo, na ce kowa ya je gida ya tambayi kakarsa yadda ake fanso mutum a da. Wata yarinya ta dawo da labarin kakan kakarta, wanda aka fanso da shanu biyu da turmin zane.