Tsofaffin Kayan Noma a Salaga da Yendi da Bawku: Tarihi da Adanawa

1.0 Gabatarwa

A Ingila akwai masu sha'awar tara tsofaffin injinan yanke ciyawa, irin wanda Edwin Budding ya ƙirƙiro a 1830. Sukan gyara su, su adana, har akwai gidan tarihinsu a garin Southport. Jami'ar Reading ma ta kafa gidan adana kayan karkara a 1951. A zangunan Hausawa na arewacin Gana kuwa, da wuya a ga fartanyar da ta shekara ɗari. Wannan takarda za ta duba dalilin haka, da kuma abin da ɗalibin harshe zai iya cetowa.

2.0 Hanyar Gwanja da Maƙera

Goro ne ya kai Hausawa ƙasar Gwanja. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina, ya ratsa Borgu, ya yada zango a Yendi, sannan ya sauka Salaga. Ba fatake kaɗai ke tafiya ba. Akwai malamai da mahauta da wanzamai da maƙera, kuma wasu suka zauna. Shaidar wannan cuɗanya tana nan a harshen Dagbani na mutanen Yendi, inda ake kiran maƙeri “machele”.

Kasuwar Salaga ta fara ja da baya bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa mazaunanta. Cikin waɗanda suka bar garin akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. A can ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich bayanin noma da sana'o'in ƙasar Hausa da ajami, aka buga a Balin a 1942. Mai neman kalmomin noma na ƙarni na 19 daga nan ya kamata ya fara.

3.0 Kowace Ƙasa da Irin Ƙirarta

Siffar kayan aiki takan bi ƙasa da amfanin da ake shukawa. Salaga da Yendi yankin doya ne, don haka manomi yana buƙatar garma mai faɗin ruwa da gajeriyar ƙota, wadda za ta ɗebo ƙasa da yawa a tula. Bawku kuwa ƙasar gero da dawa ce, ga noman rani na albasa wanda ya yi suna a duk faɗin Gana. Mai lambu a can ƙaramar fartanya yake so, wadda za ta shiga tsakanin shuka ba ta yi ɓarna ba, sai guga da abin ban ruwa.

Sau biyu baƙin kaya suka shigo da ƙarfi. A shekarun 1930 Turawan mulki suka kawo garmar shanu arewa maso gabas, ta kuma karɓu ƙwarai a yankin Bawku. Bayan 1972, lokacin da gwamnatin Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai, taraktoci suka cika fadamun shinkafa na Salaga da Yendi. Da tattalin arzikin ƙasar ya taɓarɓare a ƙarshen shekarun 1970, kayan gyara suka yi wuya, aka jingine da dama daga cikinsu.

4.0 Dalilin Ɓacewar Tsohon Ƙarfe

Abin lura shi ne, ba sakaci ya cinye tsofaffin kayan ba, tattali ne. A zamanin da sai an haƙo tama an narka kafin a sami ƙarfe, ba mai barin guntunsa ya kwanta. Garma in ta cinye, maƙeri ya rage ta ta koma fartanya. Fartanya in ta cinye, ta koma wuƙa ko tsinken kibiya. Ƙota kuwa itace ce, in ba ta karye ba gara ta ci. Haka baƙin kaya suka shiga wannan layi: sifirin mota ya zama gatari, faifan garmar tarakta ya zama ruwan fartanya. Wato maƙera asibitin kayan noma ce, kuma ita ce maƙabartarsu.

Ƙarafan da suka tsira su ne waɗanda aka daina amfani da su baki ɗaya, kamar mari da sarƙoƙin bayi da ake nuna wa baƙi a Salaga. Saboda haka mai ziyara yakan ga abin da aka ɗaure bawa da shi, amma ba ya ganin garmar da bawan ya yi noma da ita. Wannan giɓi ne babba a tarihin talaka.

5.0 Yadda Ake Tarawa da Gyarawa

Gyaran manomi daban, gyaran mai adana tarihi daban. Manomi so yake abu ya yi kaifi, mai adanawa kuwa so yake ya tsaya yadda aka same shi. Ana goge tsatsa a hankali, a shafa mai kaɗan, a ajiye inda babu laima. Ba a wasa baki, ba a sake ƙota, domin ramin da tafin hannu ya yi mata shaida ce ta yadda ake riƙo.

Aikin ɗalibin harshe ya wuce nan. Ya tambayi sunan abin da Hausar zango, da Gwanja ko Dagbani ko Kusal, da sunan kowane sashe nasa, da aikatau ɗin da ke tafiya da shi: sara, huɗa, firi, girbi. Ya kwatanta da hauya da sungumi da magirbi na Kano da Sakkwato. Ya rubuta garin da aka ƙera shi da irin ƙarfen. Fartanyar da ba a san sunanta da asalinta ba, kilo kawai 'yan gwangwan za su auna.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa tattalin ƙarfe ne ya hana tsofaffin kayan noman waɗannan garuruwa daɗewa, kuma kalma ta fi ƙarfe tsawon rai. Sai dai ita ma kalmar tana bakin dattawa ne. Yau maganin feshi yana maye gurbin fartanya, injin ban ruwa yana maye gurbin guga, kuma yaron da bai riƙi sungumi ba ba zai riƙe sunansa ba. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.