Daga Zuga-zugi zuwa Injin Matsa Iska

Tun kafin injuna su shigo ƙasar Hausa, maƙera sun san aiki da iska. Zuga-zuginsu na fatar akuya ne, ana matsa su da hannu, iskar ta bi ta bututu ta isa gawayi. Daga nan ne kalmar “zuga” ta sami ma'anarta ta biyu, wato ingiza mutum. Maƙeri ya san cewa idan bututun ya cika matsewa, ko fatar ta huje, mai zuga zai yi ta zufa, ƙarfe kuwa ba zai yi ja ba.

A Turai, injiniyoyi sun ci karo da wannan matsala a ƙarni na 19. A 1857 aka fara haƙa ramin jirgin ƙasa na Mont Cenis, a ƙarƙashin tsaunukan da ke tsakanin Faransa da Italiya a yau, mai tsawon kusan kilomita 13. Injiniya Germain Sommeiller ya yi amfani da ƙarfin ruwa wajen matsa iska, ya tura ta cikin bututun ƙarfe har inda ake fasa dutse. An buɗe ramin a 1871. Daga baya Victor Popp ya shimfiɗa wa birnin Paris bututun iska da ya riƙa juya agoguna da injunan ƙananan masana'antu, ba a daina aiki da shi ba sai 1994.

Abin da masu lissafi suka tabbatar shi ne, asarar matsi na da alaƙa da tsawon bututu, amma faɗinsa ya fi tasiri nesa ba kusa ba. Idan aka rage faɗin da rabi, asarar takan ninka kusan sau 30. Don haka ake fara auna yawan iskar da kayan aiki ke bukata, sannan a zaɓi inji da tanki da bututu.

Yau a Zongon Kwatano, unguwar da fatake Hausawa suka zauna kusa da tashar jirgin ƙasa, mai faci yana hura tayoyin 'yan acaɓa da ƙaramin inji. Idan robarsa ta yi tsawo da siranta, ko tana yoyo, kuɗin mai ne ke bin iska, kamar yadda zufar mai zuga ta riƙa tafiya a banza a maƙerar kakanninsa.