Rauni a ƙwaƙwalwa da borin jini: Abubuwan da ya kamata a sani

Mutumin da ya bugu a ka, sakamakon haɗarin mota ko na babur ko faɗowa daga sama, yakan daɗe yana fama da mantuwa da kasala bayan an sallame shi daga asibiti.

Idan kuma yana da larurar borin jini, wadda likitoci ke kira alaji, to wahalar takan ninku, domin larurar da wasu magungunanta suna iya dakushe tunanin da ake ƙoƙarin farfaɗo da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutane kimanin miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanyoyi a kowace shekara. Ta kuma ce sanya hular kwano yadda ya kamata na iya rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa da har zuwa kashi 74 cikin ɗari.

Yaya ake auna girman raunin?

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin wani ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu da ƙarfi, sai ta girgiza ta daki ƙashi, jijiyoyinta su miƙe ko su tsinke, wani lokaci jini ya taru ya danne ta.

A shekarar 1974 wasu likitoci biyu na Jami'ar Glasgow da ke Birtaniya, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da ma'aunin da asibitocin duniya ke amfani da shi har yau. Ana duba buɗe idon majiyyaci da maganarsa da motsinsa, a ba shi maki daga 3 zuwa 15.

Maki 13 zuwa 15 na nufin rauni mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa kuwa mai tsanani.

Tsawon wane lokaci ake ɗauka kafin a murmure?

Akasarin waɗanda suka samu rauni mai sauƙi sukan warware cikin mako biyu zuwa huɗu. A da akan ce su kwanta a ɗaki mai duhu har sai sun warke, amma yanzu shawarar masana ita ce hutun kwana ɗaya ko biyu, sannan a fara 'yar tafiya da ƙananan ayyuka sannu a hankali.

A rauni mai tsanani, an fi ganin ci gaba cikin watanni shida na farko, amma sauƙi kan ci gaba da samuwa har shekara biyu ko fiye. Dalili shi ne sassan ƙwaƙwalwa da suka tsira suna iya ƙulla sababbin hanyoyin sadarwa, su ɗauki wani ɓangare na aikin waɗanda suka lalace.

Wannan aiki yana buƙatar maimaitawa da isasshen barci. A nan ne borin jini ke shigowa.

Mene ne borin jini?

Wani likitan yara a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ne ya raɗa wa larurar sunanta na likitanci a 1906. Garkuwar jiki ce ke ɗaukar abin da ba ya cutarwa, kamar ƙura ko ƙurar furanni ko gashin kyanwa ko kashin kyankyaso, a matsayin abokin gaba.

Sai jiki ya saki wani sinadari mai suna histamin, wanda ke jawo atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido da kuma rudu-rudu a fata.

A ƙasar Hausa larurar ta fi tashi a lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Hayaƙin itace da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma suna tsananta ta.

Wanda hancinsa ya toshe ba ya samun barci mai nauyi, don haka yakan wayi gari da ciwon kai da nauyin tunani, alamomin da suka yi kama da na raunin ƙwaƙwalwa.

Me ya sa ake gargaɗi game da magunguna?

Histamin yana da wani aiki na daban a cikin ƙwaƙwalwa: yana cikin sinadaran da ke sa mutum ya kasance a farke.

Tsofaffin magungunan borin jini, irin su Piriton da Phenergan, waɗanda ake saye a kyamis ba tare da takardar likita ba, suna ratsawa cikin ƙwaƙwalwa su toshe wannan aiki. Suna kuma rage ƙarfin wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda riƙe abu a ka ya dogara da shi.

A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka sun gwada direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙi, suka gano cewa wani magani na wannan rukuni, difenhaidramin, ya fi barasar da aka ba su lalata tuƙinsu.

Akwai ƙarin haɗari biyu ga mai rauni a ka. Na farko, barcin da maganin ke sawa zai iya ɓoye alamar taruwar jini a kwanakin farko. Na biyu, waɗannan magunguna suna iya sauƙaƙa tashin farfaɗiya, wadda wasu ke kamuwa da ita bayan rauni mai tsanani. Piriton kuma yana iya sa maganin farfaɗiya na fenitoyin ya taru a jini fiye da kima.

Ya kamata a lura cewa magungunan mura da tari da yawa suna ɗauke da irin waɗannan sinadarai a ciki.

Sababbin magunguna kamar loratadin da feksofenadin ba sa shiga ƙwaƙwalwa sosai, shi ya sa likitoci suka fi son su. Setirizin ma yana cikinsu, ko da yake yana sa wasu gyangyaɗi.

Yaushe yoyon hanci ke zama haɗari?

Ba duk ruwan da ya zubo daga hanci bayan haɗari ne majina ba. Idan ƙashin gindin ƙoƙon kai ya tsage, ruwan da ƙwaƙwalwa ke ciki zai iya ɗigowa ta hanci ko kunne.

Ruwan garai-garai ne, yawanci ta kafar hanci ɗaya, yana ƙaruwa idan aka sunkuya, yana da ɗanɗanon gishiri, kuma galibi ba ya zuwa da ƙaiƙayi ko atishawa.

Hanyar da ruwan ya bi ya fito, ita ce ƙwayoyin cuta za su bi su shiga su haddasa sanƙarau. Wanda ya ga haka kada ya face hanci, kada ya fesa magani ko ya shaƙa ruwa, ko da na alwala ne, sai ya ga likita.

Haka nan a garzaya asibiti idan aka ga yawan amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barcin da ke da wuyar tashi, ko shanyewar hannu ko ƙafa. A jikin tsofaffi waɗannan alamomi kan iya bayyana makonni bayan faɗuwar da aka riga aka manta da ita.

Ƙuraje da zazzaɓi da gyambon baki bayan fara shan fenitoyin ko kabamazafin su ma lamari ne na gaggawa, kamar yadda kumburin leɓe ko harshe da sarƙewar numfashi suke.

Me iyali za su iya yi?

Matakin farko shi ne rage cuɗanya da abin da ke tayar da larurar: a yayyafa ruwa kafin shara, a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa wanke zanen gado, a sa takunkumi ranar da hazo ya yi yawa.

Idan likita ya tabbatar babu tsagewar ƙashi, wanke hanci da ruwan gishiri wanda aka tafasa ya huce yana taimakawa, haka ma maganin fesawa mai rage kumburi, ko da yake yakan ɗauki kwanaki kafin ya fara aiki. Maganin buɗe hanci irin Otrivin kuwa kada ya wuce mako guda, domin toshewar takan dawo fiye da da.

Ta fuskar tunani, a tsayar wa majiyyaci lokacin barci da na tashi, a ba shi littafin rubuta abubuwan da zai yi, a bar shi ya yi aiki ɗaya a lokaci guda. Kada ya koma tuƙi sai da izinin likita.

Saurin fushi da sauyin hali suna daga cikin alamomin raunin, ba rashin kunya ba ne. Yana da amfani wani daga cikin iyali ya riƙa rubuta ranakun da majiyyacin ya fi rikicewa da maganin da ya sha a ranar, a kai wa likita tare da dukkan kwalayen magungunan da ke gidan.