Kaka, Uwa da Jika: Tarihin Wani Gida Daga Kyuba Zuwa Miyami

Yau za mu yi nisa, mu tsallaka teku zuwa tsibirin Kyuba, mu bi sawun gida ɗaya wanda ya yi hijira har sau biyu cikin ƙarni guda. Gidan su mawaƙiyar nan ne Gloriya Estefan. Duniya ta san ta da waƙa, amma mu abin da ya kai mu gidansu shi ne labarin kakarta da mahaifiyarta, da yadda suka riƙe gida bayan sun rasa ƙasa.

Bari mu fara da ita ƙasar. Kyuba tsibiri ce doguwa a kudu da Amurka, tsakaninta da jihar Fulorida kimanin kilomita 145 ne kacal ta ruwa. Babban birninta Habana. Turawan Sifaniya sun mulke ta kusan shekara 400, tun bayan zuwan Kolombos a 1492 har zuwa 1898, sannan ta zama jamhuriya a 1902. Arzikinta rake da taba. Noman raken nan shi ya sa aka kwaso dubban ɗaruruwan bayi daga Afirka, da yawansu Yarabawa, waɗanda a can ake kira Lukumi, kuma ba a soke bauta a tsibirin ba sai 1886. Shi ya sa in kika leƙa madafin mutanen Kyuba za ki ga abubuwan da kika sani. Suna miyar kuɓewa, suna kirɓa ayaba su kira ta fufu, suna kuma soya ƙullun farin wake kamar dai ƙosanmu. Gangunansu ma asalinsu daga Afirka ne.

Bayan bayi sai baƙi masu neman abinci suka biyo. A farkon ƙarni na 20 talauci ya kori mutane da yawa daga ƙauyukan Sifaniya zuwa Kyuba. Cikinsu akwai wani mutum mai suna Leyonardo Garsiya, daga yankin Asturiyas a arewacin Sifaniya. Shi ne ya auri Konsuwelo Peres, suka haifi 'ya mace suka sa mata suna Gloriya. Wannan ita ce hijirar farko ta gidan. Yarinyar ta tashi da murya mai daɗi, har ta taɓa cin wata gasa ta zama mai maimaita muryar wata 'yar fim ɗin Amurka, Shali Tempul, da harshen Sifaniyanci, amma mahaifinta ya ce a'a. Sai ta maida hankali ga karatu, ta zama malamar makaranta, har ta kai ga digirin digirgir a fannin ilimi. Ta auri wani jami'in tsaro mai suna Hose Fahardo, wanda ke cikin masu rakiyar matar shugaban ƙasa na lokacin, Batista. Ranar 1 ga Satumba 1957 suka haifi 'yarsu ta fari a Habana, aka sa mata sunan uwarta. Don kada mu rikice, za mu riƙa cewa Gloriya babba da Gloriya ƙarama.

To, mene ne ya raba su da gida? Shi Batista da juyin mulki ya hau a 1952, ya yi mulkin danniya da cin hanci, talakawan karkara suna cikin wahala. Fidel Kastro da mayaƙansa suka ɗauki makami, ranar 1 ga Janairu 1959 Batista ya gudu. Sabuwar gwamnati ta yi abubuwan da talakawa suka yaba, kamar gangamin yaƙi da jahilci na 1961 da asibiti kyauta. Ta kuma ƙwace gonaki da kamfanoni, ta rufe bakin 'yan adawa, ta ɗaure wasu, ta harbe wasu. Duk wanda ya yi wa tsohuwar gwamnati aiki, irin su Hose, ransa na cikin haɗari. Sai iyalin suka hau jirgi zuwa Miyami, Gloriya ƙarama tana da kimanin shekara 2. Tikitin zuwa da dawowa suka yanka, don a zatonsu 'yan watanni za su yi a dawo. Ita Gloriya ƙarama ta sha faɗa cewa ta adana nata tikitin.

A filin jirgin saman Habana jami'ai suka lalata takardun shaidar karatun Gloriya babba. Ki duba fa, 'yar uwa, karatun shekara da shekaru, cikin minti kaɗan ya zama babu shaida. Ta sauka Amurka da goyo, babu takarda, babu dukiya. Neman ɗakin haya ma ya zama aiki, don a wasu gidajen an liƙa sanarwa cewa ba a son yara, ba a son dabbobi, ba a son 'yan Kyuba.

Ana cikin haka sai maigida ya tafi yaƙi. A watan Afrilu 1961 wasu 'yan gudun hijira kimanin 1,400, waɗanda hukumar leƙen asirin Amurka ta horar, suka kai hari wani gaɓar teku a kudancin Kyuba da nufin kifar da Kastro. Cikin kwana uku aka murƙushe su, aka kama fiye da 1,100. Hose na cikin waɗanda aka kama, kuma wani ɗan uwansa na jini da ke cikin sojojin Kastro shi ya kama shi. Kin ga yadda rikicin ya tsaga gida ɗaya biyu. Ba a sake su ba sai Disamba 1962, bayan an biya fansa da abinci da magunguna na dala miliyan 53.

Tsawon wannan lokaci matan fursunonin suka tattaru a wasu gidajen haya kusa da filin wasan ƙwallo na birnin. Kusan duk mata ne da yara, babu maza. Suka yi karo-karo suka sayi tsohuwar mota guda ɗaya, da ita ake zuwa kasuwa da asibiti. Wannan ta riƙe yaran waccan, waccan ta dafa wa kowa. Hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka. A irin wannan zama yara suka tashi suna jin Sifaniyanci safe da yamma, ga tatsuniyoyin gida, ga waƙoƙin da iyayensu mata ke rerawa in kewa ta dame su.

Da aka sako Hose sai ya shiga sojan Amurka, aka tura shi yaƙin Biyetnam. Yarinyar tana ɗaukar muryarta a kaset tana waƙa da garayar Turawa, a aika masa can. Ya dawo ba lafiya. Ciwo ne mai cin jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya kasa tafiya, ya kasa ciyar da kansa. Iyalin suna danganta shi da wani maganin kashe ciyayi da sojojin Amurka suka riƙa fesawa a dazukan Biyetnam. Nauyin gida gaba ɗaya ya faɗo kan Gloriya babba. Sai ta yi abin da ba kowa zai iya ba, ta koma aji a matsayin ɗaliba. Da rana aiki, da dare makaranta, har ta sake samun shaidar koyarwa, ta zama malama a makarantun gwamnati na yankin Miyami. Takarda ce aka lalata a filin jirgi, karatun yana nan cikin kanta. Ita kuwa Gloriya ƙarama, tun tana 'yar yarinya ita ke jinyar mahaifinta in ta dawo daga makaranta, ta ba shi abinci, ta gyara shi, ta kula da ƙanwarta. Haka aka yi shekaru, har aka maida shi asibitin tsofaffin sojoji, ya rasu a 1980.

Mu dawo kan kaka Konsuwelo, don nata labarin ya fi kusa da mu. Ta biyo 'yarta Miyami tana da shekara fiye da 50, ba ta jin Ingilishi, ba ta yi karatu mai zurfi ba. Abin da ta iya shi ne girki. Suka kama hayar gida a gefen wani fili inda yara ke wasan ƙwallon sanda, iyaye na zuwa kallo. Ta lura mutanen nan 'yan ƙasarsu ne, kuma suna marmarin abincin gida. Sai ta fara soya ƙananan curin nama, tana dafa ƙullun masara a naɗe cikin ɓawonsa kamar yadda muke ƙulla alala, tana haɗa burodi da nama tana sayarwa. Kafin a jima ciniki ya buɗe, har ana ba ta aikin abincin biki. Da wannan sana'a ta riƙe kanta, ta tallafa wa 'yarta. Ita ce kuma ta fara ƙarfafa wa jikarta gwiwa a kan baiwar muryarta, alhali uwar ta fi son ta tsaya ga karatu.

Shi abincin nan tarihi ne a cikin kwano. Shinkafa da baƙin wake da suke dafawa tare, sunan da suke kiran ta yana nufin Musulmin Andalus da Kiristoci, tunawa da zamanin da Musulmi suka zauna a Sifaniya. Man zaitun da tafarnuwa daga Sifaniya suka zo, kuɓewa daga Afirka, rogo da masara kuwa na mutanen tsibirin ne na asali. Yaron da aka haifa a Miyami, wanda bai taɓa ganin Habana ba, a tukunyar kakarsa yake fara sanin inda ya fito.

Ba su kaɗai ba ne. Daga 1960 zuwa 1962 iyaye sun tura yara fiye da 14,000 Amurka su kaɗai ba rakiya, don tsoron abin da zai biyo baya. A 1966 Amurka ta yi dokar da ta sauƙaƙa wa 'yan Kyuba samun izinin zama. A 1980 kuma mutum kusan 125,000 suka tsallako cikin jiragen ruwa daga tashar Mariyel. Unguwar da suka cika a Miyami har ta samu sunan Ƙaramar Habana.

Cikin wannan ambaliya wani yaro ya iso, Emiliyo Estefan, haifaffen birnin Santiyago na Kyuba a 1953. Kakanninsa na wajen uba 'yan Labanan ne. Kin san Kwaran nan da suka kafa shaguna a Kano har aka samu Kantin Kwari? To, a zamanin da wasu 'yan Labanan suka nufo Afirka ta Yamma, wasu Kyuba da sauran ƙasashen yankin suka nufa. Emiliyo ya fita yana ɗan shekara 14 tare da mahaifinsa zuwa Sifaniya, kafin shekarun shiga aikin soja su kama shi, ya bar mahaifiyarsa da wansa a baya. A 1968 ya iso Miyami, ya zauna a cunkushe cikin gidan dangi. Ya haɗa ƙungiyar makaɗa masu wasa a wuraren biki, ya haɗu da Gloriya ƙarama a 1975, suka yi aure a 1978. Ba ta yar da karatu ba, ta kammala digiri a fannin nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Miyami.

Kamfanonin faifai sun so su rage gangunan gida, su sauya kama don su shiga kasuwar Amurka. Suka ƙi. A 1985 waƙarsu mai suna Konga, wadda aka gina a kan kiɗan gangunan titi na Kyuba, ta zagaye duniya. A watan Maris 1990 wata babbar mota ta daki motar tafiyarsu, Gloriya ta karye a ƙashin baya, aka sa mata ƙarafa biyu. Wadda ta yi jinyar uba tana yarinya ta san abin da ke jiran ta in ta kwanta, sai ta dage da motsa jiki har ta miƙe cikin shekara guda. A 1993, lokacin da ta fi shahara da waƙar Ingilishi, ta fitar da faifai sukutum da Sifaniyanci mai suna Mi Tierra, wato ƙasata, da salon kiɗan zamanin iyayenta, ya kuma ci babbar lambar yabo ta Grammy. A 2008 ita da mijinta suka wallafa littafin girke-girken Kyuba. A 2015 Shugaba Obama ya ba su lambar girma mafi daraja da Amurka ke ba farar hula, a shekarar ne kuma aka fara nuna wasan kwaikwayo na tarihin gidan a birnin Niyu Yok, da kaka Konsuwelo a cikin taurarin labarin.

Kada mu ɗauka labarin duk daɗi ne. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Fidel Kastro ya mutu a 2016, Gloriya babba ta rasu a Miyami a 2017 tana da shekara 88, tafiyar 'yan watanni ta zama ta rayuwa. Dubban gidajen da suka yi irin wannan hijira ba su samu suna ko dukiya ba, wasu ma teku ta cinye su a hanya. Akwai kuma jikokin da harshen kakanninsu ya fara kuɓuce musu, don Ingilishi ya fi musu sauƙi a baki. A gidan su Gloriya harshe da girki da kiɗa sun kai ga jikoki ne saboda kullum akwai mai magana da yara da harshen gida, akwai mai ɗora tukunya ta kira yarinya ta zo ta gani.

To 'yan uwa, gida da fili da takarda duk an iya ƙwace su daga hannun matan nan a rana ɗaya. Abin da suka tsira da shi shi ne wanda ke cikin kai da wanda ke cikin hannu, ilimin uwa da sana'ar kaka, kuma a tsakar gida aka miƙa wa 'ya'ya su. Sai mu dubi namu, wace sana'a, wane karatu, wane labarin kakanni muka riga muka damƙa wa yaranmu?