Beatrice Tinsley: Matar da ta Tabbatar Gungun Taurari ma Suna Tsufa

Tun da na'urar hangen nesa ta James Webb ta fara turo hotunan galaksi, wato gagaruman gungun taurari, na farkon halitta, wani mai karatu ya aiko mana da tambaya: wa ya fara gano cewa su ma suna da ƙuruciya da tsufa? Amsar tana kai mu ga wata baiwar Allah, Beatrice Tinsley, wadda ta rasu ranar 23 ga Maris, 1981, tana da shekara 40 kacal.

A Ingila aka haife ta a 1941, ta tashi a New Zealand, ta karanci kimiyyar fiziks a Jami'ar Canterbury. Aure ya kai ta birnin Dallas na Amurka a 1963. Da ta ga babu aikin da ya dace da iliminta a can, sai ta riƙa yin tafiyar kilomita kusan 300 zuwa Jami'ar Texas da ke Austin, har ta kammala digirin digirgir.

A wancan zamani, Allan Sandage ne jagoran masana falaki. Shi ne magajin fitaccen masanin falaki Edwin Hubble, kuma yana aiki da madubin hangen nesa mai faɗin inci 200 da ke Dutsen Palomar. Burinsa ya auna ko buɗewar da sararin samaniya ke yi tana raguwa. Sai ya ɗauki manyan galaksi tamkar fitilu masu haske iri ɗaya: wadda ta fi dusashewa ita ce ta fi nisa. Lissafinsa ya nuna cewa wata rana buɗewar za ta tsaya, komai ya dawo ya haɗe.

A 1967 Sandage ya je Texas gabatar da lacca, sai ga wannan matashiya ta miƙe a gaban jama'a ta ƙalubalance shi. Hujjarta ita ce hasken galaksi mai nisa ya baro ta ne tun shekaru biliyoyi da suka wuce, lokacin tana da ƙuruciya, taurarinta na ci bal-bal. Fitilar da aka cika da mai ba ɗaya take da wadda manta ya ja baya ba. Ke nan galaksin sun fi nisan da ya zata, raguwar da ya auna kuma ba ta kai yadda ya ce ba.

Masu ba da labarin nan sun kasu biyu. Wasu na cewa raini ne kawai, babban malami ya ƙi sauraren mace. Wasu kuma na tunatar da cewa tun 1961 Sandage da kansa ya yi rubutu a kan sauyin hasken galaksi, sai dai ya ɗauka sauyin ƙanƙani ne. Ni na fi karkata ga na biyun, domin ya nuna inda saɓanin yake: a girman sauyin. Amma hakan bai wanke shi ba. Ita ta zauna da kwamfuta ta lissafa haihuwar taurari, da tsufansu, da mutuwarsu, da sinadaran da suke bari a baya, shi kuwa ya daɗe yana kawar da kai. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wannan karon, yarinyar ce ta hango.

Abin da ya ba ta nasara shi ne ba ta tsaya ita kaɗai ba. A 1974 ta haɗa kai da wasu masana uku, James Gunn da Richard Gott da David Schramm, suka fitar da maƙalar da ta tattaro hujjoji cewa sararin samaniya zai ci gaba da buɗewa ba tsayawa. A 1975 ita da Gunn suka tattauna yiwuwar cewa buɗewar ƙara sauri ma take yi, abin da wasu ayarin masana suka tabbatar a 1998 ta wata hanya daban. Da ta koma Jami'ar Yale, ita da Richard Larson suka nuna a 1978 cewa idan galaksi biyu suka gogi juna, sai sababbin taurari su ɓarke da haihuwa.

A shekarar 1978 ɗin ta zama mace ta farko farfesar falaki a Yale, a shekarar ne kuma aka gano tana da sankarar fata. Ba ta ajiye alƙalami ba har ajali ya cim mata, ta bar maƙaloli kusan 100. Ƙungiyar Masana Falaki ta Amurka ta kafa lambar yabo da sunanta a 1986, New Zealand kuma ta raɗa wa wani dutse sunanta. Yau duk masanin da ya dubi launin wata galaksi a hoton James Webb ya ƙiyasta shekarunta, da irin lissafin da ta assasa yake aiki.