Daga Gangar Gayya Zuwa Saƙon Murya a Damagaram

Tun kafin a san waya, mutanen Damagaram suna da hanyar tara jama'a kan aiki. Damina na kamawa, mai gona ya kira gayya. Makaɗi ya saki ganga, samari su jeru da hauya suna tsere a kan kunya, 'yan mata su biyo da ƙoren fura. Ba a biyan kowa ko dala, sai dai gobe a zo gonarka. Sarkin samari ke tsara fita, shi ke tsawata wa malalaci.

Wannan tsari da ake kira samariya shi ne shugaban ƙasa Seyni Kountché ya ɗauka bayan juyin mulkin 1974, ya mai da shi ƙungiyar ƙasa. An gina azuzuwa, an share tituna, an dasa itatuwa. An yi aiki ƙwarai, amma kiran ya koma na hukuma, kuma wanda bai fito ba ya san ana ganinsa. Shi ya sa da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa a 1991, samariya ta watse.

Fada ce ta gaje ta. A Zinder, wato Damagaram, aka fara jin sunanta a shekarun 1990: samari marasa aikin yi sun shimfiɗa tabarma bakin titi, ga butar shayi kan gawayi, ga rediyo. Manya sun daɗe suna kiransu 'yan zaman kashe wando, kuma ba su yi musu adalci ba. Fadoji da yawa ke gadin unguwa da dare, su yashe kwata, su share maƙabarta, su yi karo-karo in ɗayansu zai yi aure ko suna.

Yanzu fada ta shiga WhatsApp. Saƙon murya da Hausa ya fi takardar Faransanci isa, domin ko wanda bai yi lakwal ba yana ji yana amsawa. Ɗan unguwa da ke ci-rani a Kano, Agadas ko Libiya yana jin an kwantar da wane asibiti, ya turo nasa.

A watan Satumba na 2024, ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, kuma hotunan suka zagaya wayoyi nan da nan. Damina irin wannan kan bar iyalai da yawa ba matsuguni, kuma waɗanda ake fara taimakawa su ne masu ɗan'uwa a cikin wani zaure na waya. Tsohuwar da ke ƙauye ba ta da babbar waya, sai wani ya taka ya je ya gano ta.