Webster: Sunan Masaƙa a Tarihin Keffi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Keffi ya san labarin Magaji Ɗan Yamusa da Kyaftin Maloni, Baturen da har yau ake kiran dutsen nan na cikin gari da sunansa. Amma akwai Bature na biyu da ba mu cika ambata ba, wato Webster, mataimakin Razdan. A watan Oktoban 1902 shi aka tura ya kira Magaji, ya kutsa har inda bai kamata baƙo ya shiga ba, ya sha duka, da ƙyar ya tsira. Daga nan rigima ta kaure, Magaji ya kashe Maloni ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Lugga ya sa wannan cikin hujjojinsa na yaƙar Kano a 1903.

To, me sunan yake nufi? A tsohon Turanci webster mace ce mai saƙa. Sannu a hankali kalmar ta haɗa har da maza, daga bisani ta zama sunan iyali, ko da jikokin ba su taɓa riƙe ƙoshiya ba. Tushenta web ne, wato abin da aka saƙa, kalmar da muke fassarawa yau da yanar gizo. A Amurka kuwa idan an ce Webster ƙamus ake tunawa, saboda Noah Webster da ya fitar da babban ƙamusunsa a 1828. Ashe mutumin da kakanninmu suka gani da hular hana sallah sunan masaƙa yake ɗauke da shi.

Haka Taylor tela ne, Smith maƙeri, Cook kuku. Mu ma muna kiran mutum da sana'arsa: wane Tela, wane Kafinta, wane Maƙeri. Bambancin shi ne nasu ya zama gado a takarda, namu kuwa yakan bi mai shi kabari, domin a makaranta sunan uba ko na gari muke rubutawa. A ganinmu asara ce, don laƙabin nan shi ke nuna gidan da ya rini, da wanda ya ƙera, da wanda ya yi fatauci.

Saboda haka muna roƙon kowane gida a Yara, idan za a kawo sunayen kakanni don rajistar ƙungiya, a haɗo da laƙabinsu da sana'arsu. A tambayi tsofaffi mata, sun fi riƙe irin wannan.